Kukan da ke fitowa daga bayan Hilux ɗin mahaifina

Motar Hilux ce ƙirar 1994, mai inji 22R, mai jan taya huɗu. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, shi ya bar mana ita. Da ita nake kwaso hatsi daga ƙauyukan Kunchi da Tsanyawa zuwa Dawanau, kuma da abin da take kawowa ake cefane a gida biyu. Saboda haka duk ranar da ta canza murya, ni ma ba na samun barci.

A tsakiyar daminar bara ta fara wani kuka daga baya. Siririn kuka ne, kamar iskar hunturu tana shigowa ta kafar taga, kuma ba ya fitowa sai gudu ya kai kilomita 60 zuwa 70. Na ce taya ce. Bayan mako uku sai kukan ya yi kauri, ya koma gurnani, sannan duk lokacin da na ɗaga ƙafa daga totur ko na sake takawa sai in ji "ƙwas" a ƙarƙashin bodi. Wani ya ce in zuba man giya mai kauri, lamba 140, kukan zai kwanta. Na zuba, ya ɗan lafa kwana biyu, ya dawo fiye da da. Wata uku na yi ina lallaɓa ta a haka, kuma wannan jinkirin laifina ne, ya ƙara mini kuɗin gyara.

Da kaka ta matso na ga ba zan ɗora mata buhunan gero da wake a wannan hali ba, sai na kai ta wajen wani dattijon bakanike da mahaifina yake hulɗa da shi tun ina makaranta. Kowa Baba yake ce masa. Bayan mun gaisa na fara yi masa bayani, sai ya ɗaga mini hannu.

"Ɗana, bar ta ta faɗa da bakinta. Tayar mu hau titi."

Muka hau hanyar Katsina. Bai zauna a gaba ba, bayan motar ya hau, ya tsuguna a kan bodi, ya ce in buɗe gilas in riƙa jin umarninsa. Muna wuce Dawanau ya ce in kai 70 in riƙe. Ya ce in saki totur. Ya ce in taka. Ya ce in sa ta a firi ta gangara da kanta. Da hanya ta yi sarari ya sa na riƙa karkaɗa sitiyari dama da hagu a hankali. Daga nan ya sa muka sauka kan burji na ɗan lokaci, muka sake hawa kwalta. Kafin mu kai Bichi ya buga rufin mota ya ce mu juya.

Sai da muka dawo gareji ya warware mini abin da yake nema. Kukan taya yana canzawa idan an sauka daga kwalta zuwa burji, kuma babu ruwansa da totur. Namu bai canza ba. Boris ɗin ƙafa, wato zoben 'ya'yan ƙarfe da taya take juyawa a kansa, idan shi ne ya ci, kukansa yana ƙaruwa ko ya ragu idan aka karkata nauyin mota gefe guda. Namu ko gezau. Amma da na saki totur, motar tana tura kanta, nan kukan ya fi tashi, ya yi tsini. Ya ce wannan muryar finiyon ce, wato ƙaramin giyan da farfela (dogon ƙarfen da yake kawo juyin inji zuwa baya) take juyawa a cikin aksul ɗin da ke tsakanin tayoyin baya, domin shi yana juyawa fiye da sau huɗu kafin taya ta zagaya sau ɗaya, shi ya sa kukansa ya fi na ƙafa siranta. "Ƙwas" ɗin kuwa, ko dai kuros ne, wato gaɓar farfela, ko kuma haƙoran ciki sun yi wa juna nisa.

Aka hau da ita kan rami. Ya kama farfela ya murɗa, ya duba kuros biyun, lafiyarsu ƙalau. Sai ya sa alli ya ja layi a inda farfela ta haɗu da faifan aksul, aka kwance notuna huɗu aka sauke ta. Ya kira ni cikin ramin, ya ɗora hannuna a kan faifan, ya ce in girgiza sama da ƙasa. Ya motsa. Kaɗan ne, amma na ji shi a tafin hannuna, kamar haƙorin da ya fara girgiɗi. Baba ya ce wannan wurin ko kaurin gashi bai kamata ya motsa ba.

Kafin a juye mai sai da ya fara kwance notin zubawa na sama. Ya ce ya sha ganin wanda ya juye mai tas, sannan ya tarar notin zubawa ya ƙi kwancewa. Ya zura yatsa ta ramin, bai taɓo komai ba. Aksul ɗin lita biyu da ɗan ɗoriya yake ci, amma abin da ya sauko cikin daro bai fi rabin haka ba, kuma launinsa kamar shayin da aka cika wa madara, ga warin ƙuna. Ruwa ya shiga ke nan. A jikin notin juyewa akwai maganaɗisu. Baba ya shafo abin da ya maƙale a kai ya murza a tafin hannuna. Ya ce idan baƙin laushi ne kamar kwalli, wannan cin yau da gobe ne, kowane aksul yana yi. Nawa kuwa akwai ɓarɓashi masu ƙyalli kamar ƙaiƙayin gero, suna sukar fata.

Daga nan ya bi saman bututun aksul da hannu har ya kai kan wani ɗan ƙarfe mai hula, wanda ban taɓa sanin yana wurin ba. Hancin da aksul yake numfashi da shi ne. Laka ta toshe shi ta bushe kamar siminti. Idan aksul ya yi zafi, iskar ciki tana kumbura, in ba ta sami hanyar fita ba sai ta turo mai ta bakin sil, wato robar da take hana mai yoyo. Idan kuma ka faɗa cikin ruwa da aksul mai zafi, ya huce farat ɗaya, sai ya zuƙo ruwan ta wannan bakin. Ni kuwa duk damina sai na ratsa wani rafi sau biyu a mako.

Ya haska notin finiyon da toci, ya tambaye ni wa ya taɓa shi. Na tuna shekara guda kafin nan sil ɗin ya yi yoyo a hanya, wani bakanike a bakin titi ya canza mini, ya ɗaure notin da dogon bututu har yana hawa kai da ƙafa. Baba bai ce komai a kan mutumin ba. Ya dai ce wannan notin ba a ɗaure shi da ƙarfin ƙirji, kuma zan gani da idona idan an zo haɗawa.

Washegari aka buɗe. Aka cire tayoyi da durom, aka kwance bututun birki da wayar hambirki, aka kwance notuna huɗu-huɗu da ke bayan farantin birki, aka zaro shaf na dama da na hagu. Abin da na yaba wa wannan ƙirar shi ne duk kayan cikin a dunƙule suke fitowa ta gaba, kamar an zare tukunya daga murhu. Notuna goma ne suke riƙe da ita. Yara biyu suka tallabo ta suka kai kan benci, aka wanke da kananzir.

Ranar na fara ganin cikin abin da na yi shekaru ina hawa. Ga babban giya mai kama da faifai, wanda suke kira kirawun, ga finiyon yana cizonsa daga gefe, ga kuma wasu ƙananan giyoyi huɗu a cikin keji a tsakiya. Baba ya juya ɗaya da yatsa, na gefe guda ya juya baya. Ya ce in tuna shanun huɗa idan sun kai ƙarshen kunya za su juyo: na waje sai ya yi taku da yawa, na ciki yana kusan tsaye. Haka tayoyin baya suke a kwana, kuma waɗannan ƙananan ne suke ba kowace taya damar yin nata gudun ba tare da an daina tura ta ba.

Bai kwance komai ba sai da ya yi awo. Ya ɗauko wani agogon awo daga cikin tsumma, ya kafa allurarsa a kan haƙori ɗaya na kirawun, ya riƙe finiyon, ya girgiza kirawun gaba da baya. Allurar ta nuna kusan milimita 0.45. Abin da kamfani ya tsara wa wannan aksul tsakanin 0.13 ne da 0.18, wato kaurin takarda ɗaya zuwa biyu. Ga inda "ƙwas" ɗina yake fitowa. Sannan ya ɗauki ƙusa da guduma ya yi ɗigo ɗaya a murfin boris na hagu, ɗigo biyu a na dama, domin tare da gidansu aka fafe su a masana'anta, in aka musanya su ba za su zauna daidai ba.

Da aka fitar da finiyon, kofin boris ɗinsa na ciki ya yi tabo-tabo kamar fuskar da ƙyanda ta ci, 'ya'yan boris ɗin kuma sun yi shuɗi saboda zafi. Na so a ce a nan ɓarnar ta tsaya. Baba ya ja farcensa a kan haƙorin finiyon, farcen ya maƙale a wani ɗan tudu, ga kuma ƙananan ramuka a fuskar haƙora uku. Da boris ya saki, finiyon ya riƙa sunkuyawa yana cizon kirawun a inda bai kamata ba, ga mai ya zama ruwa. Na tambaye shi ko za a canza finiyon kaɗai, tunda kirawun da sauƙi.

"A'a, ɗana. Waɗannan biyun tare aka goge su tun a masana'anta har suka saba da juna. Ka kawo masa baƙo, kuka za su yi har su cinye juna."

Sabo fil ya fi ƙarfin aljihuna, sai muka yanke shawarar a nemo tukunya sukutum 'yar Beljiyam, a buɗe ta, a sa mata sababbin boris. Kafin in tafi ya ba ni alli ya ce in ƙirga haƙora da kaina. Kirawun 41, finiyon 9. Ya ce in rubuta a hannuna.

A Kofar Ruwa na gane dalilin. Tukunya ta farko da aka fito mini da ita tsaf take, kamar ba a taɓa hawa ba, kuma za ta zauna a gidan aksul ɗina daram. Na sa alli na ƙirga: 41 da 10. Haƙori ɗaya tal. Amma 41 a raba da 9 ya ba da 4.56, a raba da 10 kuma 4.10. A motar da baya kaɗai ke ja, za a iya sawa, sai dai ta rage ƙarfin ɗaukar lodi. Tawa kuwa gaba ma yana ja, kuma na gaban 41 da 9 ne. Ranar da na sa giyan taya huɗu, gaba da baya za su riƙa gudu daban, su yi ta murɗe juna har wani abu ya karye. Sai a shago na huɗu na sami mai 41 da 9. Na juya ta a rana haƙori bayan haƙori, na ja farce kamar yadda na ga Baba ya yi, ban ji tudu ba. Na sayi boris huɗu na kamfanin Koyo, biyu na finiyon biyu na gefe, a wajen wanda Baba ya amince da shi, saboda jabu sun yi yawa kuma kwalinsu ba ya nuna bambanci. Na haɗa da sil uku, da sabon noti, da gasket, da wani ɗan gajeren bututu da ake sawa tsakanin boris biyun finiyon, wanda ake kira sifesa. Wannan Baba ya ce in sayo biyu, bai faɗi dalili ba.

Haɗawar ita ta ci kwana biyu, kuma a nan na ga inda aikin yake. Ya fara auna wasan haƙoran tukunyar da na sayo tun kafin ya taɓa ta, ya samu 0.18, ya rubuta a jikin bango. Ya ce giyan da ya riga ya yi aiki ya saba da inda yake kwanciya, don haka kusa da nan za a mayar da shi. A bayan kan finiyon akwai wani siririn wosha, shi ne yake ƙayyade zurfin da finiyon zai shiga cikin kirawun. Irinsu da yawa ne, kowane ya fi ɗan'uwansa kauri da milimita 0.03. Baba yana da su cikin gwangwanin madara, ya tara shekara da shekaru.

Ya haɗa na gwaji, babu sifesa babu sil. Ya zaunar da kirawun, ya riƙa juya wasu zobba masu zare a gefe biyu, ya sassauta wannan rami ɗaya ya ɗaure wancan rami ɗaya, yana kallon agogo, har allura ta tsaya a 0.17. Bai yarda da wuri ɗaya ba, sai da ya auna a wurare huɗu kewayen kirawun. Sannan ya kwaɓa wani jan gari da ɗigon mai, ya shafa wa haƙora huɗu-huɗu a wuri uku, ya sa yaro ya danne kirawun da tsumma don ya yi nauyi, shi kuma ya juya finiyon gaba da baya.

Na sunkuya na duba. A kan kowane haƙori jan ya goge a wuri guda, ya bar tambari kamar sawun babban yatsa. Tambarin ya hau can sama kusa da bakin haƙorin. Baba ya ce finiyon ya yi nisa, yana cizo da gefen baki. Aka sake wargaza komai, aka fitar da boris, aka sa wosha mai ɗan kauri, aka mayar, aka sake saita wasa, aka sake shafa ja. Wannan karon tambarin ya sauka ƙasa sosai, gindin haƙori. Aka sake kwancewa. Ni da nake tsaye na gaji, har na ce, "Baba, ai wannan ma ba laifi." Bai ɗago ba.

"Idan na bar shi haka, wata biyu za ka dawo mini da kukan da ka zo da shi. Je ka yi sallah ka dawo."

A karo na uku tambarin ya kwanta a tsakiyar haƙori, dogo kamar ƙwayar dabino, bai taɓa sama ba bai taɓa gindi ba, ya ɗan karkata ta ƙaramin gefen. Ya duba ɗaya fuskar haƙorin ma, wadda take aiki idan an saki totur, ya ce a tsohon giya ita ta fi faɗin gaskiya don ba ta ci sosai ba. Ita ma daidai.

Saura notin finiyon. Aka sa sifesa da sabon sil. Ashe aikin sifesar nan shi ne ta lotse a hankali yayin da ake ɗaure noti, har boris biyun su matsu daidai gwargwado, ba su yi sako-sako ba kuma ba su shaƙe ba. Ana gane hakan ne da nauyin da faifan yake yi idan za a juya shi. Baba yana da wani ɗan ƙarfe da yake ɗaurawa a faifan, da rami a santimita 10 daga tsakiya. Ya maƙala sikelin hannu irin na masu sayar da kifi a ramin ya ja. Ga sababbin boris, ana son faifan ya fara juyawa idan sikelin ya nuna tsakanin kilo 1.9 da 2.6.

Babban yaronsa ne yake jan dogon sifana. Da farko notin ya yi tauri, sifesa ta ƙi lotsewa, sikeli bai nuna komai ba. Yaron ya ƙara ƙarfi ya ja da yawa a tashi ɗaya. Baba ya gwada: kilo huɗu. Na ce a ɗan sassauta mana. Ya girgiza kai ya ce abin da ya lotse ba ya miƙewa, in aka sassauta notin sai ya zauna babu abin da yake tokare shi, wata rana ya saki. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi ta biyun. A lokacin na fahimci abin da ya faru da ni a bakin titi shekara guda da ta wuce: an shaƙe boris da bututu, suka yi ta zafi suna cin kansu har suka saki, ruwan rafi kuma ya ƙarasa su.

Da ta biyun Baba da kansa ya riƙe sifana. Ya ja kamar faɗin yatsa, ya tsaya, ya juya faifan sau da yawa don boris su zauna, ya gwada sikeli. Ya sake ja kamar faɗin yatsa. Sau bakwai na ƙirga. A na ƙarshe sikelin ya nuna kilo biyu da ɗan kai, ya ajiye sifana, ya sa kurfi ya lotsa bakin notin cikin tsagin finiyon don kada ya juya.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Aka wanke cikin gidan aksul har ƙarshen bututun biyu, domin ɓarɓashin tsohon boris yana kwance a ciki. Aka canza sil na ƙafafu, aka mayar da tukunya da shaf, aka ɗaura farfela a kan layin allin nan, aka fitar da iska daga birki. Aka zuba man giya 80W-90 mai alamar GL-5 har ya fara dawowa ta ramin zubawa. Haƙoran irin wannan aksul ba cizo kawai suke yi ba, suna goga juna ne, shi ya sa man da ba GL-5 ba ba ya riƙe su. Hancin numfashin kuwa Baba ya cire shi ya sa roba doguwa, ya ja ta sama har ƙarƙashin bodi, ya lanƙwasa bakinta ƙasa.

Da la'asar muka sake hawa hanyar Katsina, yana tsugune a baya kamar ranar farko. Na kai 60, na kai 70, na saki totur. Abin da nake ji kawai iska ce da tayoyi. Bayan kamar kilomita 20 ya buga rufi na tsaya, ya shiga ƙarƙashi ya ɗora tafin hannunsa a kan tukunyar, ya ce ni ma in ɗora. Da ɗumi, amma hannu yana iya zama a kai. Ya ce kada in ɗora mata cikakken lodi sai ta yi kilomita 800, sannan in kawo ta a juye man.

Mako biyu na yi ina ɗaukar rabin kaya, ina kallon wasu suna wuce ni da buhuna har sama, ga kasuwar wake ta buɗe. Ranar da na mayar da ita, man ya sauko da launinsa na zuma, ya ɗan yi duhu kaɗan. Baba ya shafo maganaɗisun ya murza mini a tafin hannu. Baƙin laushi ne kamar kwalli, babu abin da ya soke ni. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce wa yaron ya kawo sabon mai, ni kuma ya tambaye ni ko gobe Tsanyawa zan nufa, don yana son a taho masa da tiya biyar ta wake.